Aska Biyu a Kan Bazazzagi Ɗaya

Duk Bahaushen da ya zauna unguwar Utaibiyya a Makka ya san Sada Wanzami. In fuskarsa ba ta san shi ba, ƙeyarsa ta san shi. A unguwar Nakkasa aka haife shi, can saman dutse, inda in ka manta albasa a kasuwa gara a sha miyar haka nan da a sake gangarowa. Kakansa ne ya taso daga wani ƙauyen Kano a ƙasa, ya ratsa Sudan yana aski yana cin abinci, har ya iso Makka da furfura da zabira. Furfurar ta bi shi kabari, zabirar ta gangaro hannun Sada.

Ni Tijjani nake, Bazazzagi, direban bas. Ranar da na yi umrata ta farko shi ya aske ni, da ya ji daga inda na fito sai ya ce, "Ashe bawana ne ya zo." Na ce masa Bakano ko a Makka aka haife shi Bakano ne. Tun ranar muke tare, ba mu taɓa yin faɗa ba, ba mu kuma taɓa yin shiru ba.

A shagon da yake aiki a Aziziyya, doka ce kowane kai da rezarsa, a ɓare ta a gaban mai kai, a gama a jefar. Sada bai taɓa ƙorafi ba. Yakan ce lokacin Hajji kai dubu ne, kowane da abin da ya taho da shi daga ƙasarsu. Amma a gida akwai askar kakansa, ta baƙin ƙarfe, aikin maƙerin ƙauye. Washi ya cinye ta har ta koma siririya kamar jinjirin wata. Ko tururin shayi ta shaƙa sai ta yi tsatsa, shi ya sa kullum tana shafe da man zaitun, nannaɗe cikin ƙyalle. Ba ta fitowa sai ranar suna. Da ita aka aske Sada yana jariri, da ita ya aske 'ya'yansa da 'ya'yan ƙannensa, babu wanda ya tsallake.

A shekarun da ake faɗaɗa Harami, lokacin da ƙarafunan gini suka fi hasumiya yawa a sararin Makka, 'yarsa Lujain ta haifi namiji, jikansa na fari. Ita ma'aikaciyar jinya ce, Hausarta kuwa rabi Larabci ce, sauran rabin ma sai an yi mata uzuri. Mijinta Abdulwasi'u ya sauka Jidda ya dawo da sabuwar aska cikin akwati mai kyau, farin ƙarfe mai walƙiya, irin wanda ba ya tsatsa ko an dafa shi. Ina zaune a falon na zo barka aka miƙa wa Sada.

"Ya Abuya," in ji Lujain, "kai za ka yi masa aski, akid, ba shakka. Bas, amma da wannan. Tsohuwar in an tafasa ta tsatsa take yi, in ba a tafasa ba ni ba zan yarda ba."

"Ke da me aka aske ki?"

"Ni ba a tambaye ni ba."

Sada ya juya askar a hannu, ya ce ta yi nauyi, ƙotarta santsi, kuma kaifin da masu kamfani suka saka mata ko tumatir ba zai yanka da mutunci ba. "Askar da ban sani ba ba ta hawa maɗigar jikana."

"Kalas, shi ke nan," in ji ta, "sai a kai shi asibiti a yi masa da inji."

Kowa a falon ya san in aka yi haka, wannan ne yaro na farko a gidan da hannun wanzamin gida bai taɓa kansa ba, tun daga kakan da ya tako daga Kano. Ga shi uba da 'ya duk kai ɗaya ne, dutsen Nakkasa.

Hajiya Maryama, matar Sada, ita ta raba gardama tana zuba mana shayi. "Ku gwada mana. Ga kan Tijjani nan yana zaman banza."

Na ce, "Hajiya, barka na zo, ba layya ba."

Ba wanda ya saurare ni. Aka ajiye magana: jajibirin suna za a aske ni, gefe ɗaya da tsohuwa, gefe ɗaya da sabuwa, idona a ɗaure. In na zaɓi tsohuwa, Lujain za ta nemo yadda za a tsabtace ta. In na zaɓi sabuwa, Sada ya sauko.

Ranar, bayan la'asar, muka hau saman bene. Aka ɗaure mini ido da ɗankwalin Hajiya, har yau ina jin ƙanshin turarensa. Sada ya jiƙa kan, ya murza sabulu, yana cewa kan Zage-zagi duk tudu da kwari ne. Ya fara da dama. Askar tana tafiya tana ɗan kuka, ƙaras-ƙaras, mara nauyi, tana bin kowane lungu. Sai dai bayan kunne ta ɗan ja gashi, na ji kamar bakinta na lanƙwasa. Ya koma hagu. Nan ba kuka ba ja, sai sanyi kawai yana bin fata, kamar ana shafa mini man shanu da bayan cokali. Na ce a raina wannan ai ita ce mai tarihi.

"Wanne ya fi, ya ammi?" in ji Lujain, haka take ce mini, wato baffa.

"Hagu!" na ce da ƙarfi. "Ta dama ku mayar wa mai ita ya fere dankali."

Aka kwance mini ido. Lujain ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ta hagun ita ce sabuwa.

Sada ya dube ni. "Laifina ne da na ba Bazazzagi alƙalanci."

"Laifinka ne dai," in ji Hajiya Maryama. "Tun ranar da aka kawo sabuwar kullum da safe kana kan dutsen kakanka kana wasa ta. Ni na zaci gyara kake wa tsohuwar."

Ya ce, "To in ɗora dakusasshiyar aska a kan mutum? Ko bawa ne ai yana da haƙƙi." Ya ɗauki sabuwar ya gwada ta a farce. "Ƙarfe ne mai taurin kai, sai da ya sha wuya kafin ya karɓi kaifi, amma da ya karɓa ya riƙe. Waccan lallaɓa biyu take so ta yi kaifi, sai dai kafin a gama kai ta gaji." Ya ɗaga tsohuwar zuwa hasken yamma, bakinta kamar takarda. "Na jima ina jin tana rawa a ƙarshe. Ban so a ji daga bakina ba."

Lujain ta daina dariya, ta matso ta sumbaci goshinsa.

Washegari aka raɗa wa yaro suna Rayyan. Lujain ta tafasa askar da kanta, ta kawo a faranti. Hajiya ta riƙe jariri a cinya. Sada ya yi bismilla, ya dafe ɗan kan da yatsu, ya zagaye maɗiga a hankali kamar mai ɗawafi cikin cunkoso. Yaron ya yi atishawa sau ɗaya ya ci gaba da barcinsa. Da aka gama matan suka yi guɗa, Abdulwasi'u ya ce wa ɗansa "na'iman", gaisuwar da ake yi wa wanda ya gama aski, kamar wani babban mutum ne ya tashi daga kujerar shago.

Yanzu askokin biyu suna kwana a zabira ɗaya, kowace da ƙyallenta. Sabuwar ta aske jikoki bayan Rayyan, ƙotarta ma ta fara dushewa daidai inda babban yatsan Sada yake zama. Tsohuwar kuwa ba ta yi ritaya ba. Sada ya yanke hukunci cewa kai ɗaya ya rage mata a duniya, wanda ya ce a ba ta dankali. Duk sa'ad da gashina ya taru nakan hau benen, ya tafasa mana shayi, ya shafe mata man zaitun. Tana zuwa bayan kunne ta ɗan ja, ni kuma in ce, "Wallahi ba a taɓa yin aska kamar wannan ba."

"Yi shiru, bawa," yakan ce, "kar ka motsa."