Kofin Ruwan da Inna Ta Shanye

Inna na riƙe da cokali da kofin ruwa ma'aikaciyar jinya ta shigo. 'Yata bakwaini Inna za ta ɗura wa, don a ganinta zafin nan ya fi ƙarfin jariri.

"Inna, a bar ta da nono kawai," in ji ma'aikaciyar. "A cikin ƙoda akwai siraran bututu masu tace jini. Sai ciki ya doshi wata tara suke gama fitowa, bayan haihuwa ma a hankali suke yin ƙwari. Nata ba za su iya da ruwa ba tukuna."

Inna ta dube ni. "Ka tuna marigayi Babanku a lambunmu na Bagwai? In ya ja sabuwar hanyar ruwa, ba ya sakar mata ruwa da ƙarfi sai gefenta ya kama."

Na tuna sarai. Ni nake zaƙuwa a buɗe, shi kuma ya ce, "Kai sarkin gaggawa, zaftarewa za ta yi."

Inna ta yi bisimilla ta shanye ruwan da kanta.

Allah ya jiƙan Baba. Ku wace maganar iyayenku ce ta dawo muku a inda ba ku zata ba?