Ranar da Na Ba Mutanen Ruwa Maganin Yayata

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Ɗazu jikata ta girgiza robar magani a kusa da kunnena, ƙwayoyin suka yi ƙaras-ƙaras, sai ga ni a bakin tafki da gajeren wando da ilimin aji uku, wanda a lokacin nake jin ya ishi ƙasar Yauri duka.

Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwa. Da aka datse kogi aka kwashe mu zuwa tudu, an bar turame da rijiyoyi da kaburbura a can. Idan ruwa ya ja baya da rani, kan tsohuwar tsamiyar kasuwa yakan leƙo, baƙi ƙirin, ko tsuntsu ba ya sauka a kai. Masunta sukan ce da tsakar rana, in iska ta ɗauke, suna jin daka daga ƙasa. Ni ban taɓa ji ba, amma na sha rantsewa na ji.

Yayata tana da farfaɗiya. Kafin ta faɗi takan tsaya cak, ta ɗaga hanci ta ce, "Inna, tuwo na ƙauri." Alhali ko wuta ba a hura ba. Sai idonta ya kafe, ta sandare, ta zube tana shure-shure. Tsofaffi suka ce girkin mutanen ƙasan ruwa take shaƙa, kiranta suke yi. Aka ware mata ƙoƙo da tabarma, aka ce wanda kumfar bakinta ta taɓa ya ɗauka.

Baba ya kai ta Yelwa, da ni a bayansu. Malamin asibiti ya ba da ƙananan ƙwayoyi farare a gwangwani. Ya ce a cikin kan kowa akwai 'yar wuta mai kai saƙo ga jiki, tata ce takan tashi gaba ɗaya lokaci guda. Ƙwayar ba ta kashe wutar, rufe ta take yi kamar toka a kan garwashi, don haka kullum sai an ƙara. In aka yanke farat ɗaya, wutar takan tashi fiye da da. Ya ce yawu ba ya yaɗa ciwon. Duk wannan na ji da kunnena, amma abin da ya zauna mini guda ne: ya ce maganin yana sa barci.

Wata biyar ba ta faɗi ba, sai dai gyangyaɗi a kan tsintar shinkafa. Nan shehin malami, wato ni, ya zauna ya yi nazari. Masu kira suna cikin ruwa, maganin barci kuma yana hannunmu. Me ya sa za a yi ta kwantar da wadda ake kira, a bar masu kiran ido biyu?

Na saci gwangwanin, na tura kwalekwalen kawu da azahar har gindin tsamiyar. Ruwan ya kwanta lumui, ba motsi. Na zazzage ƙwayoyin, na ga suna sauka fari-fari, suna juyawa a hankali, har duhu ya haɗiye su. Wani sanyi ya taso ta ƙasan jirgin ya kama mini tafin ƙafa. Ban waiwaya ba har gaɓa.

Inna ta birkice ɗaki da nema. Baba ya ce sai ranar kasuwa jirgi zai tafi Yelwa, saura kwana huɗu. Ni ma na taya Inna nema kamar ban san komai ba.

A rana ta uku mata suna wanki a bakin ruwa, ina kusa ina gyaran koma. Yayata ta miƙe da zane a hannu ta ce, "Tuwo na ƙauri." Ta kifa da fuska cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba. Mata suka watse suna salati, ba wadda ta miƙa hannu. Ni ma ina tsaye ina kallon kumfa tana tasowa a gefen kanta.

Kakarmu ce, wadda ko tsayuwa sai da sanda, ta faɗa ruwan ta kamo gashinta ta jawo ta kan yashi. Ta kwantar da ita a gefe ɗaya, ta share kumfar da tafin hannunta, ta hana wata da ta zo da cokali za ta cusa mata a baki. Ba a taɓa ganin faɗuwar da ta daɗe kamar wannan ba. Da yayata ta yi ajiyar zuciya, kaka ta ɗago hannun nan mai kumfa ta nuna ni. "Kai, mi kaka ɓoyewa?" Na fashe da kuka na faɗi komai. Kaka ta ƙara shekara goma sha a duniya, ko sau ɗaya farfaɗiya ba ta kama ta ba.

Yau yayata tana Wara, ta haifi bakwai, tana shan ƙwayarta kowace safiya, jikokinta suna cin tuwo kwano ɗaya da ita. Da sallar bana na je gaishe ta, na gyara hula na ce, "Yaya, ki dai gode mini. Tun da na ba su magani ba a sake jin dakansu ba."

Ta haɗiye ƙwayarta, ta kora da ruwa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Su sun yi barcinsu sun tashi tun tuni. Kai ne har yau ba ka farka ba."