Idon Baba Mai Agogo

Kafin waya ta shiga aljihun kowa, Baba Mai Agogo yana da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene. Ƙaramin madubi a manne a ido, tsinke a hannu, haka ya ƙare ƙuruciyarsa, da haka ya raini 'yarsa tilo har ya aurar da ita. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, ciniki ya yi ta ja da baya har ya rufe shagon. Sunan ne kawai bai rabu da shi ba.

Jinyar matarsa ce ta kai shi babban asibiti. A zauren jira akwai waifai, wato intanet na kyauta, amma shiga cikinsa sai an sha wuya. Za ka rubuta sunanka da lambar wayarka a wani shafi, a turo maka lambobin sirri ta saƙo. Kana fita don ka karanta saƙon, shafin ya rufe, sai ka koma farko. Ga mara lafiya a kwance, ga dangi na jiran labari, ga data ta ƙare. Sai ka ga babban mutum yana zagin waya.

Baba ne ya lura saƙon yakan leƙo a saman wayar na ɗan ƙiftawar ido kafin ya ɓace. Idon da ya saba da hanjin agogo kuwa, wannan ba komai ba ne a wurinsa.

"Kar ka taɓa komai, ɗana," yakan ce wa mai wayar. "Kai dai riƙe. Ni zan karanto, kai ka danna."

Matar ta rasu, Baba bai daina zuwa ba. Kullum da safe yana kan bencin da ke jikin ginshiƙi. Wanda aka shigar wa waya ba ya tashi nan take. Sai ya zauna ya faɗi wanda ya kawo da abin da likita ya ce, Baba na gyaɗa kai. A gida babu mai yi masa magana sai rediyo.

"Baba, yau ma ka riga likita zuwa?" wata nas takan tsokane shi.

"Ai layina ya fi nasa tsawo, 'yata. Kuma ni ba na tsira wa kowa allura."

'Yarsa ba ta ga abin dariya ba. A wani gari take aure, a can saman bene, ita da mijin suna fita aiki tun safe. So take ya koma wurinta.

"Baba, in ka faɗi a ɗakin nan kai kaɗai, wa zai sani?"

"Mutanena fa? In bar su da wa?"

Ta gaji ta ce shi ke nan, muddin ana bukatarsa a can, ba za ta matsa ba. Ya riƙe wannan magana gam.

Wata rana wata injiniya ta zo, yarinya mai ladabi, ta ce an turo ta ta sauƙaƙa wa jama'a shiga waifai, kuma kowa ya ce ta nemi Baba. Ta zauna kusa da shi tana tambaya. Daɗi ya kama shi. Ya nuna mata inda shafin ke rufewa, da inda rubutu ya yi wa tsofaffi ƙanƙanta, bai rage komai ba. Har ƙofa ya raka ta yana sa mata albarka.

Ta kuwa yi aikinta da kyau. Yanzu dannawa ɗaya ce, wayar ta shiga, gobe ma da kanta za ta gane wurin. Mutane suka riƙa wuce ginshiƙin kawunansu a sunkuye. Baba ya san gyaran alheri ne, shi ya sa ma ya rasa wanda zai yi fushi da shi. In 'yar ta kira, sai ya ce aiki ya yi masa yawa.

Ranar da 'yar ta zo asibitin ba sanarwa, daga bakin ƙofa ta hango shi ya tare wani mutum mai riƙe da ledar magani.

"Kawo in shigar maka, ɗana."

"Ai tun a waje ta shiga."

"Kawo dai in duba, takan yi gardama."

Ya kai hannu kan wayar. Mutumin ya fizge, ya shafa aljihunsa, ya ɗaga murya: "Mai gadi! Wai haka kuke barin irin waɗannan a asibiti?"

Mai gadin sabo ne, bai san kowa ba. Ya nufo su yana tambayar Baba wa ya kawo, ina katinsa.

"Mahaifina ne," in ji 'yar, ta riƙo hannunsa. "Ni yake jira."

Suka fito titi. Shi ne ya fara magana, idonsa a ƙasa.

"Benen naku, matakalar tana da abin dafawa?"