Gangar Leonie

Griet tana 'yar mitsitsiya ta fara jin sunansa, ranar da ta ɗaga tsintsiya za ta kakkaɓe wata saƙar gizo-gizo a rumfar kakarta. Kakar, Moemoe Stans, ta cafke mata hannu tun tsintsiyar na sama.

"Kul! Da a gidan Remi kika yi haka, da sai dai uwarki ta haifi wata."

"Wane ne Remi, Moemoe?"

"Ƙanena. Wanda ya mai da gizo-gizo 'yan'uwansa, mu kuma baƙi."

Ba ta san shi sosai ba sai da ta gama sakandare. A lokacin Moemoe ta riga ta rasu, ba mai leƙa tsohon, sai Griet ta ɗauki al'adar hawa keke duk Asabar ta kai masa miya da burodi.

An haifi Remi Ghijsels a wani gidan gona da ke kan tudu a yankin Pajottenland, inda iska ke tasowa daga kwarin kogin Zenne. Ubansa giyar lambik yake dafawa, haka kakansa. Yana yaro, lokacin yaƙin duniya na farko, sojojin Jamus suka bi gida-gida suna kwashe jan ƙarfe, ubansa ya binne babban farantin sanyaya giya ƙarƙashin tarin taki har yaƙi ya ƙare. Bayan yaƙin duniya na biyu harshen mutane ya koma ga zaƙi, gidajen lambik suka yi ta rufewa, ana fasa gangunansu ana hura wuta. Remi bai rufe ba. Matarsa Leonie ta mutu da sauran ƙuruciyarta, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba.

Da sanyi kaɗai yake dafawa. Ɗanyar alkama da sha'ir, da furen hop, na sa wa a giya, da ya tsufa har ƙanshinsa ya gudu. A tafasa tun safe har yamma, a tura ruwan zuwa can ƙarƙashin rufi, cikin farantin nan mai faɗin ɗaki wanda zurfinsa bai kai gwiwa ba. Sai ya buɗe tagogi, ya cire hula, ya sauko ya ja ƙofa. Ba ya sa yis. Tururi ya hau katakon rufin da suka yi baƙi ƙirin, ya taru, ya ɗigo ya koma. Da safe a zuba a ganguna, a bar su shekaru. Gizo-gizo kuwa su ke cinye ƙudajen da za su ɓata giya, shi ya sa ba a taɓa su.

Kowa a yankin zai ce maka iska ce ke sa wa lambik rai. Remi ya kan yi tsaki.

"Iska ai ta kowa ce, 'yar nan. Me ya sa tawa ba ta kama da ta maƙwabci? Duk wanda ya yi numfashi a ƙarƙashin rufin nan, yana nan a katako. In ya mutu sai ya sauko."

Wata Asabar da hantsi ya kai ta ɗakin ƙasa, ya tsiyayo daga wata ganga ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Kakarki ta iso. Ji ɗaci! Ko mutuwa ba ta gyara bakin Stans ba."

Griet ta yi dariya. Sai ya wuce can ƙurya, ya shafa wata ganga kamar mai shafa kafaɗar mutum, ya miƙo mata kofi. Ba kumfa. Wari ne ya fara tarbarta, na sirdin doki da bango mai raɓa. Tsami ya kama mata muƙamuƙi kamar ta gatsa ɗanyar tuffa, ya bar bakinta a bushe. Ta haɗiye. A nan ne wani abu mai taushi ya biyo baya, ƙanshin tuffa da aka adana cikin busasshiyar ciyawa, ya tsaya mata a maƙogwaro. Ta ji kamar mace ta gifta ta bayanta da doguwar riga. Ta waiga. Ganguna ne kawai.

"Nonkel, wa ya wuce?" Haka dangi ke kiransa, wato kawu.

"Leonie ce. A sama take ajiye tuffarta. Ba kowace shekara take zuwa ba, ta fi son sanyi mai tsanani. Gaishe ta mana, ba a koya miki ba?"

Da bazara ta shigo Remi ya zame a matakala, ƙugunsa ya karye, aka kwantar da shi asibiti. Fons, ɗan Stans kuma mahaifin Griet, kafinta ne mai zuciyar kirki. Ya hau sama ya ga rufi na yoyo, katako ya ruɓe, yanar gizo-gizo ta cika ko'ina. Bikin ƙauye ya gabato, lokacin da kowane gida ke wanke har dutsen ƙofa, ya ga abin kunya ne tsoho ya dawo cikin wannan ƙazanta. Ya tara abokansa. Kafin Asabar ta zagayo sun sauke tsohon rufin, sun kafa sabo, sun shafe bango da farar ƙasa. Griet ta zo ta tarar da wurin fari fat, yana ƙanshin sabon katako. Ba ta taɓa jin ɗaki ya yi shiru irin haka ba.

Ranar da aka dawo da Remi sai da aka ɗauke shi aka hau da shi. Ya tsaya bisa sanda, ya kai hannu zai cire hula, ya fasa.

"Yaya ka gani, Nonkel?" in ji Fons. "Ko sarki ya kwana a nan."

"Sarki kuwa sai ya kwana, tunda ka kori masu gida. Ina ka kai uwarka, Fons?"

"Uwata tana maƙabarta, Nonkel, kai ma ka sani."

"Ƙashinta ke can, shashasha. Ina katakon?"

An riga an faskare su don murhu. Guda ɗaya ya rage a bayan rumbu, ruwa ya dake shi. Remi ya sa aka hau da shi aka rataye da sarƙa bisa farantin.

Giyar sanyin nan ta tashi, amma salam. Remi ya bi ganguna yana kurɓa yana tofarwa. "Ba kowa. Nan ma ba kowa." Daga tsofaffin gangunan da aka cika kafin a taɓa rufi, ta Leonie kaɗai ya hana a sayar. Amma ganga ba ta jira har abada. In ta wuce lokacinta sai ta zama ruwan tsami, Leonie ta tafi ke nan, ba ta da inda za ta sake saukowa. Hanya ɗaya ce ta tsare tsohuwar lambik: a gauraya ta da sabuwa mai rai, a rufe a kwalba, su sake tashi tare, su daɗe fiye da wanda ya rufe su. Sai dai ya rantse ba zai haɗa ta da giyar da ba kowa a ciki ba.

Sanyi na gaba, Fons da Griet suka yi masa dahuwa yana ba da umarni daga kujera. Da yamma, da ruwan ya cika faranti, ya ce a hau da shi a bar shi. Griet ta leƙa ta tsagar ƙofa. Yana zaune cikin tururi ba hula, ya ɗaga kai ga baƙin katakon nan, yana jan numfashi yana hura masa a hankali, kamar mai hura garwashin da ya kusa mutuwa. Bai ga ƙarshen sanyin ba. Ranar da za a fita da gawarsa, Griet ta hau sama ta buɗe tagogi duka.

Shekara ta zagayo. Wata safiya ta sauka ɗakin ƙasa ita kaɗai, ta bi gangunan dahuwar ƙarshe. Ta farko ba kowa. Ta biyu ma haka. A wadda ke kusa da ƙurya tsami ya kama mata muƙamuƙi, ta haɗiye, sai ga warin jiƙaƙƙiyar rigar ulu da tabar da Remi yake taunawa. A bayanta, a kan matakala, katako ya yi ƙara sau ɗaya, irin ta wanda ya dogara da sanda. Ba ta waiga ba.

"Sannu da zuwa, Nonkel," ta ce. Ta ajiye kofin, ta tafi wanke kwalabe.

Don a waccan yammar ta dahuwar ƙarshe, da suke sauko da shi daga cikin tururi, ya riƙe mata wuyan hannu daidai inda Moemoe ta taɓa riƙewa, ya ce, "Ubanki ba ya gane ɗanɗano, ke kina ganewa. In kin ji na iso, kada ki sayar da ni, kada kuma ki bar Leonie tana jira. Ki haɗa mu."