Hajjo da Ragowar Dawar Bara

Hajjo dai a ruga aka haife ta, can wajen Beri, kuma har ta yi aure ta haihu ba ruwanta da rumbu. Ƙwarya ta sani, da tatsa, da tallan nono. Sai shekarar da ciwon shanu ya zo ya share musu garke tas. Mijinta ya bi fatake neman abin yi, ita kuwa yayanta Gidaɗo ya kwaso ta da yaranta, suka zauna a gefen Kontagora suka kama noman dawa.

Allah kuwa Ya ba su. Shekarar farko suka ci har suka rage. Da kaka ta zagayo aka kawo sabbin dammuna, Gidaɗo zai fid da ragowar bara, Hajjo ta riƙe masa hannu.

"Hamma Gidaɗo, bar ta. Ko madara ma ai sai an ɗiga mata tsohon nono take kamawa."

Ya ga maganar ta yi ma'ana. Suka jera sabuwa kan tsohuwa, har da zangarniyar da suka ware ta iri.

Da bazara ta matso, Hajjo ta hau rumbu ɗibar ta tuwo. Tana ɗaga murfi wasu 'yan ƙwari masu fiffike, kalar toka, suka tashi buu a fuskarta. Ta ciro zangarniya, duk wata yana kamar ta gizo-gizo ta naɗe ta. Ta murza ƙwaya, sai gari da 'yar tsutsa. In kuwa irin ya tafi, ba su da abin shukawa, ba kuma saniyar da za a sayar.

Ta ruga gidan Lahadi, wata dattijuwa Bakambara maƙwabciyarsu. Lahadi ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, 'yar Fulani! Kindirmon dawa kika so yi? To ga shi ya kama!"

"Inna, ki yi dariyar daga baya, yanzu dai ki taso."

Suka kwashe rumbun kaf suka baza a rana. Ta bara da ta lalace, kaji suka yi biki. Aka share ciki, aka turara shi da ƙaiƙayi da busasshen barkono, Gidaɗo yana atishawa yana hawaye yana cewa kiwo ya fi masa wannan sauƙi. Tsagar bango aka liƙe da laka da kashin shanu, shi ma sai da Hajjo ta je roƙo a wata ruga, abin da a da take tsallakewa a ƙofar bukka.

Irin kuwa ta zauna ta tsince masu lafiya, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu ta shafe bakin da laka.

Ruwa ya sauka, ta fasa bakin tulun, ko ƙwaro ɗaya bai tashi ba. Suka shuka. Da safiyar da tsiro ya fito layi-layi, guɗarta har gidan Lahadi.

Hajjo ta tsufa a gidan nan, ta sake yin shanu ma. Duk kaka ita ke shiga rumbu da tsintsiya kafin dami ya shiga. Ragowa kuwa, a ƙwaryar nono kawai take barin ta.