Kwandasta Ba Ya Cikin Lissafi

Idan kun taɓa ganin tsoho zaune a bakin benci, rabin jikinsa a kan katako rabi a iska, alhali ba kowa a bencin sai shi, to kun ga irin zaman Saura-Ɗaya. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana kwandastan bas, maƙale a bakin ƙofa, har jikinsa ya manta yadda ake zama a tsakiyar kujera. Matarsa ma cewa take ko a gado ƙafa ɗaya a waje yake kwana, kamar za a tsaya a ɗauki wani a hanya. Sunan kuwa a tasha ya samo shi. Mota tana iya zama wayam, daga direba sai ƙudaje, amma ya daki ƙofa ya ce saura mutum ɗaya. Mutane su rugo da kaya niƙi-niƙi, su shigo su tarar su ne na farko.

Da wankin mota ya fara yana saurayi, ya koma lodin kaya, daga baya aka rataya masa jaka. A cikin jakar nan yatsunsa suka yi ido. Ba ya leƙawa, zura hannu kawai yake ya fito da ƙwandalar da yake nema: ta ɗaya siririya ce, ta biyu bakinta da kaushi, ta biyar da kauri, ta goma kuwa nauyinta ke tona ta. Da ya so ya mutu a bakin ƙofar nan, amma gwiwa ta ce ba da ita ba. Haka ya dawo gida da jakarsa da wani gwangwanin madara cike da sulalla, ya zame wa matarsa, tsohuwa irinsa, ƙarfen ƙafa. In yana son shayi sai ya daki bango sau biyu, yadda yake ba direba alama. Ita kuma daga kicin ta aiko masa da amsa cewa ita ba mota ba ce, in ma mota ce ta lalace.

Ana cikin haka aka mayar da 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, aikin rana a asibiti. Ta fara kawo musu 'yarta in an tashi makaranta, yarinya 'yar shekara shida wadda haƙoranta na gaba suka fita tare, kowa yana kiranta Mai-Giɓi. Wata rana uwar ta ce malamarsu ta ce a riƙa koya wa yara ƙirga a gida da abin da za su taɓa da hannu, ko duwatsu ko marafen kwalba, in Baba zai taimaka. Abin nema ya samu. Ko rufe baki ba ta yi ba tsoho ya sauko da gwangwani daga saman kwaba.

Washegari baranda ta zama bas. Benci biyu a jere, kujerun roba a baya, kwandon wanki a kife shi ne matakala. Tsohuwa aka naɗa direba, aka danƙa mata murfin tukunya. Ta yarda ne don kujerar direba ce kaɗai inda mutum zai juya wa kowa baya ya yi gyangyaɗinsa ba a ce ya yi laifi ba. Fasinjoji kuwa yaran maƙwabta ne, waɗanda suka ji ana rabon kuɗi suka zo da ƙannensu. Kafin a taɓa komai sai da aka wanke sulallan da sabulu, domin akwai wani ɗan lukuti a cikinsu wanda ba ya yarda da abu sai ya lasa. Sannan aka ware su a kwalin ƙwai, kowace iri da raminta, aka raba wa kowa nasa.

Zuwa bakin famfo biyu ne, ƙofar gida uku, ƙarƙashin igiyar shanya kuwa, tunda nan ce kasuwa, bakwai. Wanda ya miƙa ta goma ya jira canji, ya kuma ƙirga a tafin hannunsa kafin ya sauka, don tsoho da gangan yake rage ɗaya ya ga wa zai yi shiru. Akwai ranar da ake rufe ido a zura hannu a jaka a faɗi abin da aka kamo. In rana ta yi sanyi a tattara sulalla a mayar gwangwani, a caje aljihu, a ce ɗan lukuti ya buɗe baki.

Mai-Giɓi ba ta daɗe a kujerar fasinja ba. Kakanta ya ga tana karɓar canji tana harararsa, ya ce wannan jininsa ce, ya ɗora ta kan kwando kusa da shi ya koya mata sirrin aiki: a ƙirga kawuna, a ƙirga kuɗi, su zo daidai. Ƙirga kuma daga bayan direba ake farawa, sannan mai ƙirga ba ya sa kansa.

"Don me, Kaka?"

"Don ba ma biya, uwar ɗakina. Direba da kwandasta kayan mota ne, kamar taya."

Tsohuwa ta buɗe ido ɗaya ta ce shi ne taya, ta koma barcinta.

Haka aka yi ta tafiya ba a motsa daga baranda ba. Tsoho ya daina dukan bango, ya koma aske gemu da kansa tun kafin azahar, yana leƙen ƙofa. Kowa ya zaci aiki ya yi kyau. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Malamar ce ta kira uwar yarinya. Ta ce ita kam abin ya ɗaure mata kai. In aka ba Mai-Giɓi kuɗi ko duwatsu, ba ta kuskure ko ɗaya, har canji take koya wa na kusa da ita. Amma da an ce ta ƙirga mutane sai ɗaya ko biyu su yi ɓatan dabo. Layinsu na yara takwas, ta ce shida. Hoton kwalekwale da mutum biyar a ciki, ta ce huɗu. Uwar, da yake asibiti ne wurin aikinta, ta ja ta aka duba mata ido, aka ce ido garau, har ƙaramin layin ƙasa ta karanta. Sai wata rana da aka sallame ta da wuri ta shigo gidan iyayenta ta tarar da 'yarta a kan kwandon wanki kusa da tsohon, ta tsallake kakarta kamar tukunyar fure, ta ƙirga sauran, ta daki bango ta ce a tafi.

Uwar ba ta ɗaga murya ba, kun san irin 'ya'yan nan da suke yi wa iyaye faɗa cikin ladabi. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta ce malama za ta sake gwada yarinyar ƙarshen mako. In har yanzu mutum biyu na ɓacewa, to za ta sa ta darasin yamma a gidan wata malama, daga makaranta can za ta riƙa wucewa. Ta ce Baba ya yi haƙuri, amma ba za ta zuba ido 'yarta ta girma tana zaton mutanen gidansu uku ne alhali su biyar ne ba.

Da suka tafi tsoho ya zauna a bakin bencinsa ya daɗe yana kallon kujerun roba. In babu Mai-Giɓi babu mota, yaran maƙwabta ita suke biyowa. Daga shi sai bango da tsohuwar da ta ce ta lalace.

Da farko ya gwada lallashin Mai-Giɓi. Ya ce mata makaranta daban, mota daban, a can kowa mutum ne. Ta tambaye shi ko na gaban layinsu yana biya. Ya ce a'a. Ta ce to. Ya ce ai dokar ma shi ya kafa ta, yanzu ya soke. Ta ce ba a soke doka mota na tafiya. Ya kawo mata alewa, ta shanye ta ƙirga mutanen ɗakin, su uku, ta samu ɗaya, shi ma don tana ganin mutuncinsa ne. Tsohuwa tana ninke wanki tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Da ta ga zufa ta fara keto masa sai ta tausaya.

"Malam, yarinya ta ce wanda bai biya ba ba ya cikin lissafi. To ka biya mana."

Ya dube ta kamar ta ce ya sha ruwan batir. Shi, wanda tun yana saurayi bai taɓa ciro sisi ya ba wata mota ba, wanda har gobe in ya shiga bas yaran yanzu suke ce masa Baba bar shi? Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma ƙarshen mako yana matsowa, ba yadda ya iya.

Ranar da ya cire jaka ya rataya wa jikarsa, ya je ya zauna a tsakiyar benci tsakanin ɗan lukuti da wata mai majina, har maƙwabciya sai da ta leƙo ta katanga. Jikinsa ya riƙa zamewa yana neman baki, yara suna turo shi. Da kwandasta ta zo kansa ta miƙa hannu, duk wata dabara da fasinjoji suka taɓa yi masa sai da ta faɗo masa a rai, ya kuwa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi barcin ƙarya da minshari. Ya ce ai ya biya tun a baya. Ya ce wani a gaba zai biya masa. Ya lalubi aljihu ya miƙa maɓallin riga, ta juya shi a yatsa ba ta ko kalla ba ta mayar masa.

"Kaka, ko ka biya ko na sauke ka a famfo."

"Haba 'yar nan, ni fa ma'aikaci ne."

"Direba, tsaya. Akwai mai sauka."

Ya biya. Ta dafa kansa ta ce ɗaya.

Saura direba. Tsohuwa ta kife murfin tukunya a cinya ta ce ba ta taɓa jin ƙasar da direba ke biyan kuɗin mota ba, in kuma yanzu an gane ita mutum ce, to mutum albashi ake ba shi. Aka yi ta ciniki mota a tsaye, fasinjoji na ƙorafin za su makara. A ƙarshe tsoho ya biya mata kuɗin kujera, ya kuma yarda da ta goma kullum a matsayin albashi, wadda ba ta komawa gwangwani. Ita ma kwandasta ta ce ba za ta biya cikakke ba tunda a tsaye take tafiya. Ya ce ta bari kawai, ya biya mata. Sannan aka jera wa kowa kuɗinsa a gabansa, ta bi tana dafawa tun daga ɗankwalin direba har ta ƙare da ɗora yatsa a kan hancinta. Kawuna tara, kuɗin mutum tara. Suka maimaita har makogwaronsa ya bushe.

Ranar gwaji ya sa rigarsa mai kyau ya bi su makaranta, ya maƙale a jikin taga. Malama ta jera yara shida har da Mai-Giɓi, ta ce ta ƙirga su. Yarinya ta taka zuwa wurin na gaba, ta tsaya, ta miƙa masa tafin hannu. Yaro ya dubi hannun ya dubi malama. Ba shi da ko ƙwandala. Uwar ta dafe goshi. Mai-Giɓi ta waiga ta hango shi a taga, ta yi ɗan tunani, sannan ta dafa kan yaron.

"Kakana zai biya maka. Ɗaya."

Ta bi sauran har kanta, shida cif. Malama ta buɗe baki za ta yaba, yarinya ta ƙarasa gabanta ta yi ɗage ta taɓa mata gwiwar hannu, ta ce da Malama bakwai, ita ma Kaka zai biya. Malama ta ce ba ta fahimci zancen biyan ba, amma lissafi ya fita, ba ta ga dalilin darasin yamma ba.

To, mota dai ba ta tsaya ba, har yanzu tana tashi kullum bayan makaranta. Sai dai jaka ba ta dawo wuyan Saura-Ɗaya ba, kuma duk mutumin da jikarsa za ta ƙirga a duniya, na aji ne ko na cikin littafi, shi ke biya masa, ta karɓa ta jefa a asusunta na ƙasa mai ƙaramin baki. Gwangwani ya fara ƙara in an girgiza. Kwanan baya aka ba su aikin gida, hoton kasuwa maƙil da jama'a. Tsoho ya dubi hoton ya dubi gwangwani, ya jira 'yarsa ta zo ɗaukar yarinya, ya ja ta gefe ya roƙe ta a hankali ko za ta yi wa malama magana ta riƙa ba su hoton dabbobi, ko awaki ne, tunda su ma ana ƙirga su.

Mai-Giɓi tana ɗaure takalmi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Awaki kuɗin kaya ne, Kaka. Ninki biyu."