Safiyar da Na Sa Baba Ya Cire Takalmi

Ko da zan manta ranar da na fara taka ƙasar Qatar, ba zan taɓa manta safiyar da na sa wani dattijo ya cire takalminsa a gaban manya ba. Shekaru sun shuɗe, na ba mutane da dama wannan labari, kuma kowa da hukuncin da yake yanke min. Ni kaina da abin ya faru a hannuna, har yau ban tsayar da magana ɗaya ba.

A lokacin ina tuƙa tirela a wani kamfanin jigilar kaya da ke da gareji a Sanayya, unguwar masana'antu ta Doha. Motocinmu masu gajeren kai ne. Kan mota shi ne ɗakin direba, inda sitiyari da kujeru suke, namu kuwa daga kujera sai bango, ko wurin ajiye jaka babu. An sayo su ne don zirga-zirgar cikin gari: ka ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa, ka sauke, ka koma ɗakinka ka kwana. Kwatsam sai kamfani ya samu aikin kai kaya Saudiyya, aka ce yalla, wato maza a tafi, da waɗannan motocin za a yi. A layin boda mota kan kwana biyu, wani lokaci uku. Idan barci ya zo sai ka gitta jikinka a kan kujeru biyu, sandar giya tana zungurar ka a haƙarƙari. Ni gajere ne, Allah ya rufa min asiri, dunƙulewa nake yi kamar mage in yi barcina.

Wanda abin ya fi ci shi ne Baba. Haka muke kiransa, mu 'yan Hausawan da ke kamfanin, domin ya girme mu duka. Bakano ne dogo, ya haura hamsin, kuma tun kafin a yaye ni yake jan tirela a hanyar Legas. In zai kwanta sai ya zuge gilashi ya zura ƙafafunsa waje, in zafi ya hana buɗe taga kuma ya kwana a zaune. Ni Bazazzagi ne, don haka tsakanina da shi ba a rasa tsiya. Nakan ce Allah ya ba shi tsayi ya hana shi wurin ajiyewa, shi kuma ya ce ni ko a aljihun mota aka sa ni sai na bar fili. Maganarsa kullum ɗaya ce: shekara ɗaya ta rage masa, autarsa ta gama makarantar jinya, ya ajiye mukulli ya koma gida. Dukkanmu kuma mun san abin da direba ya fi tsoro a can, wato likita ya rubuta cewa ba shi da lafiyar tuƙi. Ranar da aka rubuta haka, ranar zai fara haɗa kayansa.

Direbobin doguwar tafiya suna da wata al'ada: ba a shiga kan mota da takalmi. Nan ne ɗakinka, nan kake cin abinci, in rana ta ƙwalle nan kake salla. A kan matakala ake barin takalmi, ƙofa ta rufe a kansa. Baba ya fi kowa riƙo da wannan, har darduma ya shimfiɗa a ƙasan motarsa. Na dai lura a 'yan watannin nan ya koma sa wani ƙaton takalmin aiki da ya fi ƙarfin ƙafarsa, ba ya ɗaure igiyar, kuma ba ya hawa mota sai kowa ya watse. Na gani da idona, amma ban kawo komai a raina ba.

Sai labari ya ɓulla cewa kamfani zai sayo sababbin kawunan mota. Ni kuwa Lauya ake ce min a gareji, ba don na yi karatun ba, sai don bakina ba ya mutuwa. Na ce wannan dama ba za ta wuce mu ba. Na samu wani ɗalibi ɗan Najeriya da muke haɗuwa a masallacin Juma'a a Al Rayyan, ya rubuta mana takarda da Turanci mai kyau, cewa a sayo mana motoci masu dogon kai, da gado a bayan kujera. Direbobi suka sa hannu, 'yan Nepal, 'yan Pakistan, Sudanawa, kowa. Na ɗauki takardar na kai ofishinmu da ke Bin Mahmud ina ji da kaina.

Mudir, wato manajan kamfanin, bai wulaƙanta ni ba. Ya sa aka kawo min shayin karak, ya karanta takardar har ƙarshe, sannan ya zana min tirela a bayan ambulan. Ya ce doka ta ƙayyade tsawon mota daga hancinta zuwa wutsiya, duk abin da aka ƙara wa kai, daga wurin kaya za a rage shi.

“Kaya ne ke ciyar da mu, ya akhi,” in ji shi, “ba barci ba.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, direban da bai yi barci ba shi ne ke kifar da kayan.”

Ya yi dariya, ya ce khalas, wato shi ke nan, ranar Lahadi zai zo gareji da jami'in kiyaye haɗari su gani da idonsu. Na fito ban san ko nasara na yi ko sallamata aka yi da dabara ba.

A hanya dabara ta faɗo min. Gani ya kori ji. In mudir ya ga Baba kwance a motarsa, ƙafafu a waje, ai magana ta ƙare. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a ɗaki muna cin tuwon semo da miyar kuka, na kawo zancen a gaban kowa.

Baba bai ɗago kai ba. Ya ce, “Lauya, ka nemi wani. Ga Basudanen nan, shi ma ai dogo ne.”

Na ce, “Af! Jama'a ku ji min Bakano da tsoron Balarabe. Ashe duk tsayin nan na banza ne? To in ba za ka iya ba ka faɗa, mu Zage-zagi mun saba yi muku yaƙi.”

Ɗaki ya kwashe da dariya. Baba ya tsame hannunsa daga kwano, ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, “To. Allah ya sa hakan ne alheri.”

Na ɗauka na ci nasara. Yanzu da na girma na san abin da na yi. Dattijo ya ce ka nemi wani, ai ya gama yi maka magana, saura ka bi shi gefe ka tambaye shi dalili. Ni kuwa sai na ɗauko wasan da ke tsakaninmu na toshe masa ƙofar fita, domin na san ba zai yarda a ce Bazazzagi ya kunyata shi a gaban yara ba.

Ranar Lahadi da safe mudir ya zo, tare da jami'in, wani ɗan Indiya mai farin gilashi da ba ya yawan magana. Direbobi suka kewaye motar Baba. Na zuba jawabi, Turanci rabi Larabci rabi, inda duka biyun suka ƙare min in cike da hannu. Sannan na juya na ce, “Baba, bismilla.”

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofar. Da ya hau da takalminsa, wallahi ba wanda zai ce masa uffan, mudir ma bai san da wata al'ada ba. Amma sai ya zauna a kan matakala, ya kama takalmin da hannu biyu, ya yi ta ja har ya fita. Ƙafar da ta fito ba irin wadda na sani ba ce. Ta kumbura suntum kamar burodi, fatar tana ƙyalli, bakin safa ya nutse a cikin naman. Ya cire ɗayan, ya jera su, ya hau, ya kwanta, ya zuro ƙafafun ta taga kamar yadda ya saba. Suka tsaya daidai fuskar jami'in.

Mudir ya girgiza kai, ya ciro waya ya ɗauki hoto. Ni daɗi ma nake ji, ina cewa a raina ga hujja ta fi wadda na nema. Jami'in ya matsa ya danna babban yatsansa a idon sawun Baba, ya ɗauke, ramin ya tsaya bai ciko ba. Ya tambaya tun yaushe ƙafar take haka. Ni da ban taɓa ganin kumburin ba sai a wannan minti, na yi caraf na ce, “Watanni! Kun gani ko? Kwanan mota ne ya jawo masa!”

Ta tagar na hango Baba ya rufe idonsa. Jami'in ya miƙa hannu ya zare mukullin motar ya sa a aljihu, ya ce a kai shi asibiti yanzu. A nan ne na fara jin cewa akwai abin da ya kuɓuce min, amma ban gama gane ko mene ne ba.

Ashe ba kwanan mota kaɗai ba ne. Hawan jini ne ya daɗe yana cin sa har ya taɓa zuciya, shi kuma yana ta ɓoyewa cikin ƙaton takalmi, yana lallaɓa shekararsa ɗaya. Likita ya rubuta abin da kowa ke tsoro. Kamfani ya ba shi haƙƙoƙinsa da tikitin jirgi. A cikin satin nan kuma mudir ya kira ni ofis, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, ya ce mabruk, wato barka, masu kamfani sun ga hoton, sun amince a sayo masu dogon kai ko da za a rage kaya. Na tsaya riƙe da hannunsa kamar wawa. Ban san ko murmushi ya kamata in yi ba.

A gareji ma kan mutane ya rabu. 'Yan Pakistan suka rungume ni suna kirana shugaba. A ɗakinmu kuwa aka daina ɗago kai in na shigo. Wani ya ce garin gyaran gira na tsokale ido. Wani ya ce a'a, da zuciyar ta tsaya yana kan sitiyari da lodi a bayansa da motocin mutane a gabansa fa? Duk wanda ya yi magana sai in ji shi ne mai gaskiya, har sai na gaba ya buɗe baki. Kwana uku ina kewaye-kewaye don kada mu haɗa ido da Baba.

Shi ne ya neme ni. Ana jibi zai tafi ya ce in raka shi Al Asmakh sayen tsaraba. Muka bi tsofaffin shagunan nan yana tafiya a hankali da silifa, tunda yanzu ba abin da zai ɓoye. Ya sayi dabino da turare da abaya biyu. Da ya gaji muka zauna a wani ɗan shagon shayi, na tattara ƙarfin halina na ce, “Baba, don Allah ka yafe min. Amma me ya sa ba ka hau da takalmin ba?”

Ya ce, “Ɗakin da nake kai goshina ƙasa? Don Balarabe yana tsaye?”

Ya kurɓi shayi, ya ci gaba. “Likita ya ce da na ƙara 'yan watanni a hanyar nan, a mota za a tsinci gawata. Autata kuma jiya ta kira tana kuka, ta ce za ta jingine karatun. To kai ne mai baki, Lauya, ka faɗa min. Godiya zan yi maka, ko Allah ya isa?”

Na sunkuyar da kai ina jujjuya kofin shayina. Ya ga haka, sai ya yi 'yar dariya ya ce dama Bazazzagi bai iya taimako ba sai ya haɗa da ɓarna. Sannan ya ce, “Hana ni faɗin a'a da ka yi, wannan na yafe. Sauran kuma ni ma ban san sunansa ba, sai mun je gaban Allah mu ji.”

Bayan wata biyar motocin suka iso. Gado a bayan kujera, labule, har da ɗan firji. Ni aka fara ba wa, wai don ni na yi magana. Tafiyar farko da na yi da ita, a layin boda da la'asar, na cire takalmina na hau na kwanta, na miƙe iya miƙewata. Ƙafata ba ta kai ƙarshen gadon ba, akwai fili kusan kamu biyu a gabanta. Na sa jakata a wurin don in daina kallonsa, can kuma na ɗauke ta. Wannan filin ba don ni aka yi shi ba, kuma wanda aka yi don shi yana Kano.

Baba yana nan da ransa, yana shan magani. Autar tasa ta gama karatun, amma sai da ta yi jinkirin shekara biyu. Yakan aiko min da saƙon murya lokaci-lokaci, kuma da tambaya ɗaya yake farawa: “Lauya, ka miƙe ƙafa?” Har yau ban san ko tsokana ce ko tuni ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba.

Ban yi nadamar neman dogon kai ba, gobe ma in aka ce a rage shi zan sake buɗe baki. Abin da na koya shi ne, ko gaskiyarka ta kai ina, ba ka da ikon kafa hujja da jikin wani sai da yardarsa, kuma yardar da aka ƙwata a gaban mutane ba yarda ba ce. In mutum ya ce maka ka nemi wani, ka rufe bakinka ka bi shi gefe, domin mai takalmi shi ya san abin da ya rufe a ciki.